Me Ya Hana Furoton Rushewa? Bayani Kan Lambar Bariyon Da Dokokin Adanawa

Tambaya: Malam, an koya mana cewa niyutiron idan yana shi kaɗai yakan rushe cikin kamar minti 15, amma furoton ba ya rushewa. Da na nemi dalili sai aka ce lambar bariyon ce ta hana. Mece ce wannan lamba, yaya ake lissafa ta, kuma dokarta tana da ƙarfi irin na dokar adana makamashi, ko dai an ƙirƙiro ta ne don a samu abin faɗa?

Amsa: Ɗan'uwa, shakkar da ka nuna a ƙarshen tambayarka tana kan hanya, domin a tarihi haka abin ya faro. Masana sun ga furoton ba ya rushewa, ba su san dalili ba, sai suka ba shi lamba suka ce ba ta salwanta. Hermann Weyl ya yi nuni da haka a 1929, Ernst Stueckelberg ya tsara shi a 1938, Eugene Wigner ya sake jaddada shi a 1949. Daga baya lambar ta wuce matsayin suna kawai, don ta riƙa faɗin sakamakon gwajin da ba a riga an yi ba, kuma ya zo daidai. Duk da haka ba sahu ɗaya take da cajin lantarki ba. Caji yana da ginshiƙin da ke riƙe da shi, ita kuwa ba ta da shi, kuma ka'idar da ake aiki da ita a yau da kanta ta nuna inda ake iya karya ta.

Ƙirgawar ba ta da wuya. Kowane kwak, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi furoton da niyutiron, yana ɗauke da +1/3, kishiyar kwak (takwararsa mai nauyi ɗaya da shi amma akasin caji) tana ɗauke da −1/3, duk abin da ba kwak ba kuma sifili gare shi: ilektiron, miyuwon, niyutirino, foton. Furoton kwak uku ne, biyu na irin da ake kira u da ɗaya na irin d, jimilla +1. Niyutiron u ɗaya ne da d biyu, shi ma +1. Duk ƙwayar da kwak uku suka haɗa ita ce bariyon, har da lamda da delta da omega. Kishiyar furoton tana da −1. Meson, irin su fayon da kayon, kwak ɗaya ne da kishiyar kwak ɗaya, saboda haka sifili. Shi ya sa babu dokar da ta tsare yawan meson. Furoton biyu za su yi karo su haifar da fayon ɗaya ko goma, gwargwadon makamashin da ke akwai, amma ba za su iya haifar da ƙarin furoton ɗaya shi kaɗai ba.

Wasu kan rikice idan suka ji cewa cikin furoton cike yake da kwak da kishiyoyinsu masu bayyana suna ɓacewa. Gaskiya ne, amma bibbiyu suke zuwa, kwak da kishiyarsa, don haka ragowar kullum uku ce. Haka ma ƙwaya mai kwak biyar da gwajin LHCb ya gano a cibiyar CERN a 2015: kwak huɗu ne da kishiya ɗaya, 4/3 a cire 1/3, ya ba da +1. A cibiyar atam kuwa lambar bariyon ita ce jimillar furoton da niyutiron, wato lambar da ake rubutawa a gaban sunan sinadari. Idan yuraniyam-235 ya haɗiye niyutiron ɗaya ya tsage zuwa bariyam-141 da kiribton-92 da niyutiron 3, kana da 236 a hagu, 141 + 92 + 3 = 236 a dama.

Idan aka ba ka wani sauyi aka ce ka duba ko zai yiwu, ka bi shi daki-daki. Fara da cajin lantarki, sai lambar bariyon, sai lambar lefton (lefton su ne dangin ilektiron da niyutirino), inda ilektiron da niyutirino ke da +1, kishiyoyinsu −1. Daga nan, idan ƙwaya ɗaya ce ke rushewa, ka tabbata nauyinta ya fi jimillar nauyin abin da ya fito. Sai juyi, wato adadin jujjuyawar da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi a kanta: ƙwayoyi masu rabin juyi, irin su furoton da ilektiron, idan adadinsu mara ne a hagu dole ya zama mara a dama. A ƙarshe ka duba ko wani kwak ya canza iri, domin wannan ba ya haramta sauyin, yana dai gaya maka wane ƙarfi ne ya yi aikin da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka.

Gwada da niyutiron. Yana rushewa zuwa furoton da ilektiron da kishiyar niyutirino. Caji: 0 a hagu, +1 da −1 da 0 a dama. Bariyon: 1 da 1. Lefton: 0 a hagu, +1 da −1 a dama. A ma'aunin MeV, wanda ake auna makamashi da nauyin ƙwayoyi da shi, nauyin niyutiron 939.565 ne, na furoton 938.272, bambanci 1.293, ilektiron ya ci 0.511, saura 0.782 ya zama makamashin motsi. Ko'ina an wuce, don haka yana faruwa, kuma matsakaicin rayuwarsa kusan daƙiƙa 880 ce. Abin lura shi ne niyutiron ya samu bariyon da ya fi shi sauƙi da zai miƙa wa lambarsa.

Furoton bai da wannan mafita, shi ne bariyon mafi sauƙin nauyi. Ɗauki rushewarsa zuwa fozitiron, wato kishiyar ilektiron, da fayon marar caji. Caji ya daidaita, +1 da +1. Nauyi ya isa har da rara mai yawa, domin fayon MeV 135 ne kawai. Juyi ma bai hana ba. Abin da ya lalace shi ne bariyon ya tashi daga 1 ya koma 0, lefton kuma daga 0 ya koma −1. A duniyar ƙwayoyi, duk abin da ba a hana ba yana faruwa, don haka rashin ganin wannan rushewa shi ne ainihin hujjar dokar. Akwai kuma wani abu da juyi ke tilastawa: tunda furoton mai rabin juyi ne, dole a samu mai rabin juyi cikin abin da ya fito, kuma masu rabin juyin da suka fi shi sauƙi duk lefton ne. Ashe ke nan duk ranar da furoton ya rushe, lambar lefton ma sai ta taɓu.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi uku ne. Na farko, manta alamar ragi a kan kishiya. Na biyu, amfani da sharaɗin nauyi a kan karo, alhali a karo makamashin gudu yana iya zama sabon nauyi. Na uku, ɗaukar abin da ke faruwa a cibiyar filorin-18, wadda ake amfani da ita wajen hoton asibiti na PET, a matsayin rushewar furoton. A can furoton yana komawa niyutiron ya saki fozitiron da niyutirino, cibiyar atam ce ta biya ƙarin nauyin daga makamashin da ke ɗaure da ita. Bariyon 18 ne kafin sauyin, 18 ne bayansa.

Inda dokar ta nuna amfaninta ƙarara shi ne wajen neman kishiyar furoton. Da babu ita, da makamashin furoton ɗaya, wato kusan GeV 1 (MeV 1,000 ke nan), ya isa a fara lissafi. Amma furoton biyu masu karo suna da bariyon 2, kishiyar tana da −1, don haka dole a samu furoton uku tare da ita: ƙwaya huɗu masu nauyi iri ɗaya. Idan aka kira nauyin furoton m, kuma ɗayan yana tsaye, murabba'in makamashin da ake iya amfani da shi shi ne 2m² + 2mE, inda E shi ne cikakken makamashin mai gudu. Ana buƙatar wannan ya kai (4m)², wato 16m². Warware shi ka samu E = 7m, ka cire nauyin furoton ɗin kansa, saura 6m na gudu, kusan GeV 5.6. Dalilin da ya sa ya haura 2m nesa, wato nauyin ƙarin furoton da kishiyarsa, shi ne dokar adana momentom, ma'aunin ƙarfin tafiyar abu: abin da ya fito dole ya ci gaba da tafiya gaba, kuma wannan tafiyar tana cin kaso mai tsoka. An gina injin Bevatron a Berkeley ta jihar Kalifoniya ya kai GeV 6.2, kuma a 1955 ƙungiyar Emilio Segrè da Owen Chamberlain ta gano kishiyar furoton a can. A aikace tagulla suka harba wa furoton, kuma motsin da bariyon ke yi a cikin cibiyar tagullar ya sauko da iyakar ƙasa da 5.6.

Wannan doka ce kuma ta sa ba a iya mayar da abu makamashi gaba ɗayansa. Tsagewar yuraniyam tana sakin kusan MeV 200, wato kashi 0.1 cikin 100 na nauyinsa. A cikin rana furoton 4 suna zama hiliyam ɗaya su saki MeV 26.7, kashi 0.7 cikin 100. Bariyon ɗin suna nan yadda suke, ɗaurin da ke tsakaninsu ne kawai ya canza. Sai an haɗa abu da kishiyarsa, jimilla ta zama sifili, sannan nauyin duka ke iya tafiya.

Yanzu ga batun daraja. A 1918 Emmy Noether ta tabbatar da cewa duk inda dokokin halitta ba sa canzawa ƙarƙashin wani sauyi mai gudana a hankali, akwai adadin da ba ya salwanta. Rashin canzawarsu daga lokaci zuwa lokaci ya haifar da adana makamashi, daga wuri zuwa wuri ya haifar da adana momentom, daga fuska zuwa fuska ya haifar da adana juyi. Sun kahu sosai. A 1930, lokacin da aka ga kamar makamashi yana ɓacewa a rushewar beta, har Niels Bohr ya yarda a sassauta dokar, amma Wolfgang Pauli ya ce akwai wata ƙwaya da ba a gani, kuma a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama niyutirinon.

Cajin lantarki yana da nasa tsaro na musamman. Akwai ƙarfi mai dogon zango da ke fita daga gare shi, wanda foton marar nauyi ke ɗauka. Kana iya auna cajin da ke cikin akwati ba tare da ka buɗe shi ba, ta hanyar auna filin lantarkin da ke kewaye da shi, kuma lissafin wannan fili ba ya tsayuwa idan caji yana iya ɓacewa. Gwajin Borexino a Italiya ya nuna rayuwar ilektiron ta haura shekara 6.6 × 10²⁸. Lambar bariyon ba ta da irin wannan fili. T. D. Lee da C. N. Yang sun nuna a 1955 cewa da tana da shi, da abubuwa daban-daban ba su faɗi ƙasa da hanzari ɗaya ba, domin yawan bariyon a kowane kilo ya ɗan bambanta daga sinadari zuwa sinadari saboda bambancin makamashin ɗauri. Tauraron ɗan'adam na Faransa, MICROSCOPE, ya kwatanta titaniyam da filatinam, sakamakonsa na 2022 ya nuna faɗuwarsu ɗaya ce har zuwa kusan kashi ɗaya cikin 10¹⁵.

To me ya sa ake adana ta? A Daidaitaccen Tsarin ƙwayoyi, wato ka'idar da ake aiki da ita a yau, babu wanda ya sanya dokar da hannu, fitowa ta yi da kanta. Idan ka rubuta duk hulɗar da caji da launin kwak (wani irin caji da kwak ke ɗauke da shi, ba launin da ido ke gani ba) da ka'idar Einstein suka yarda da ita, ka tsaya a kan mafi sauƙi, wato masu daraja 4 zuwa ƙasa a ma'aunin nauyi, ba za ka samu ko ɗaya da ke canza lambar bariyon ba. Domin a kashe launi sai an haɗa kwak uku, domin a daidaita juyi sai an ƙara lefton ɗaya, kuma haɗin ƙwaya huɗu irin wannan darajarsa 6 ce. Steven Weinberg, da kuma Frank Wilczek tare da Anthony Zee, sun jera irin waɗannan haɗe-haɗe a 1979. Ƙarfinsu yana raguwa da murabba'in wani babban nauyi M, saurin rushewar furoton kuma yana raguwa da M sau kansa huɗu. Idan M ya ninka sau 10, rayuwar furoton ta ninka sau 10,000. A ganina wannan ita ce amsa mafi gaskiya ga tambayarka: hanyar rushewa ba a toshe take ba, kuɗin shigarta ne ya yi tsada matuƙa.

Kada ka yi mamaki, dokoki da dama da aka ɗauka tabbatattu sun faɗi. Daidaiton hagu da dama ya faɗi a 1957 a gwajin Chien-Shiung Wu da kobalt-60. Lambar kwak irin s ana adana ta a ƙarfi mai tsanani, wanda ke ɗaure kwak da juna, shi ya sa fayon da furoton idan suka yi karo sukan haifar da lamda tare da kayon a lokaci guda, amma ƙarfi mai rauni, wanda ke rusa niyutiron, yana karya ta, lamda ta rushe zuwa furoton da fayon cikin daƙiƙa 2.6 × 10⁻¹⁰. Kwatanta da delta, wadda rushewarta ba ta canza irin kwak ba, tana tafiya cikin kusan daƙiƙa 10⁻²³. Lambar kowane irin lefton shi kaɗai ta faɗi a 1998 da aka ga niyutirino yana canza iri a kan hanya.

Ita ma lambar bariyon, Gerard 't Hooft ya nuna a 1976 cewa tana karyewa a cikin Daidaitaccen Tsarin kansa, ta hanyar wani tasirin kwantam na ƙarfi mai rauni. Filin wannan ƙarfi yana da matsayin hutawa barkatai, kamar kwaruruka a jere da tudu tsakanin kowane biyu. Duk tsallakawa ɗaya daga kwari zuwa na kusa tana haifar da kwak 9 da lefton 3, wato bariyon ya ƙaru da 3, lefton ya ƙaru da 3, saboda zuriyar ƙwayoyi uku ce. Bambancinsu, B − L, wato bariyon a cire lefton, bai motsa ba. Tsayin tudun kusan TeV 9 ne, wato GeV 9,000, kuma yanayin filin a ƙolinsa shi ne Frans Klinkhamer da Nicholas Manton suka kira sifalaron a 1984. A sanyin duniyar yau sai dai a ratsa ta ƙarƙashin tudun, kuma yiwuwar hakan an danne ta da kusan kashi ɗaya cikin 10¹⁶⁰. Ko da ta faru ba za ta rusa furoton ɗaya ba, tunda uku-uku take canzawa. Amma a 1985 Kuzmin da Rubakov da Shaposhnikov suka nuna cewa a farkon halittar sararin samaniya, lokacin da zafi ya haura GeV 130 ko makamancin haka, tsallaka tudun abu ne da ke faruwa ba ƙaƙƙautawa.

Hanya ta biyu ita ce ta ka'idojin da ke neman haɗa ƙarfi uku su zama ɗaya. A tsarin SU(5) da Howard Georgi da Sheldon Glashow suka gabatar a 1974, kwak da lefton 'yan gida ɗaya ne, kuma akwai wata ƙwaya mai nauyin kusan GeV 10¹⁴ zuwa 10¹⁵ da ke mayar da wannan ya zama wancan. Hasashen rayuwar furoton bai wuce kusan shekara 10³¹ ba. Wannan adadi ana iya gwada shi, kuma nan ne aikin ya fi burge ni. Shekarun sararin samaniya biliyan 13.8 ne kacal, ba mai iya jiran furoton ɗaya. Amma rushewa abu ne na sa'a, don haka idan ka tara furoton 10³² ka zuba musu ido shekara guda, kamata ya yi ka ga kusan 10 sun tafi. Gwajin IMB, a ramin haƙar gishiri a jihar Ohayo ta Amurka, ya yi haka bai ga komai ba, kuma zuwa 1983 mafi sauƙin tsarin SU(5) ya faɗi.

Wanda ke riƙe da kambun a yau shi ne Super-Kamiokande a Japan, da ya fara aiki a 1996. Tanki ne na tataccen ruwa tan 50,000, mita 1,000 ƙarƙashin dutse domin a tare haskoki masu zuwa daga sararin sama, bangonsa na ciki jere da na'urorin kama haske kusan 11,000, kowace faɗinta santimita 50. Kowace ƙwayar ruwa tana da furoton 10, guda 2 na haidirojin da 8 na cikin iskar oksijin, don haka tan 1,000 na ruwa yana da furoton kusan 3.3 × 10³². Idan furoton ya rushe zuwa fozitiron da fayon, biyun za su fita baya da baya, kowanne da momentom MeV 459. Fayon nan take ya zama foton biyu, kowanne ya haifar da ƙwayoyi masu caji a cikin ruwan. Ƙwayoyi masu caji da ke gudu fiye da saurin haske a cikin ruwa suna fitar da hasken Cherenkov a kusurwar digiri 42, wanda ke zana zobe a bango. Abin da ake nema ke nan: zobe uku, ko biyu idan na foton sun hau juna. Sai a haɗa lissafin zoben a ga ko jimillar nauyi ta faɗa tsakanin MeV 800 da 1,050, jimillar momentom kuma ƙasa da 250, tunda furoton ɗin kusan a tsaye yake.

Matsalolin biyu ne manya. Furoton ɗin da ke cikin oksijin ba a tsaye yake ba, yana yawo da momentom da kan kai sama da MeV 200, kuma fayon ɗin da ya fito yakan makale ko ya karkace kafin ya bar cibiyar atam. Saboda haka kusan kashi 40 cikin 100 na rushewar kawai za a iya ganewa. Furoton na haidirojin ne ke ba da alama mai tsabta, shi ya sa ake ware masu momentom ƙasa da 100 daban. Matsala ta biyu ita ce niyutirinon da ake haifarwa a sararin iska, wanda dutse ba ya tare shi. Kusan sau 8 a rana ɗayansu yana bugun ruwan da ake aunawa, kuma jefi-jefi yakan haifar da fozitiron ko ilektiron tare da fayon, ya yi kama da abin da ake nema. Abin da ke tona shi shi ne yakan fitar da niyutiron, rushewar furoton kuwa ba kasafai ba. Shi ya sa ake ƙirga niyutiron bayan kowane lamari, kuma tun 2020 aka narkar da gadoliniyam a ruwan, domin yana kama niyutiron ya saki haske mai ƙarfi.

Kana iya sake lissafin iyakar da kanka. Sakamakon 2020 ya tattara tan 450,000 sau shekara. Ninka da 3.3 × 10³² a kowane tan 1,000, ka samu 1.5 × 10³⁵. Ɗauki kashi 40 cikin 100, saura 6 × 10³⁴. Ba a ga ko ɗaya ba, kuma a ƙididdigar Poisson rashin ganin komai yana nufin matsakaicin da ake tsammani bai kai 2.3 ba, da tabbacin kashi 90 cikin 100. Raba da 2.3, ka samu kusan 2.6 × 10³⁴. Adadin da suka wallafa, bayan sun sanya rashin tabbas na na'ura, shi ne shekara 2.4 × 10³⁴. Ka kula, wannan iyaka ta wannan hanyar rushewa ce kaɗai. Ta rushewa zuwa kayon da kishiyar niyutirino ita ce 5.9 × 10³³, mafi rauni, domin kayon ɗin ba ya gudun da zai fitar da haske a ruwa, sai dai a kama 'ya'yansa. Rushewar da ba ta barin wata alama kai tsaye iyakarta kusan 10³⁰ ce. Hyper-Kamiokande, mai ruwa kusan tan 260,000, an tsara shi ya kai 10³⁵, yayin da DUNE a Amurka mai ruwan argon da JUNO a ƙasar Sin za su fi iya ganin kayon.

Ana kuma neman niyutiron ya rikiɗe ya zama kishiyarsa, inda bariyon zai canza da 2 ba tare da lefton ba. Gwajin cibiyar ILL a Grenoble ta Faransa ya sanya iyakar daƙiƙa 8.6 × 10⁷ a 1994. Wahalarsa ita ce filin maganaɗisun duniya yana raba makamashin niyutiron da na kishiyarsa ya danne rikiɗar, don haka sai an kare dogon bututun sosai.

Hujja mafi ƙarfi cewa dokar ta taɓa karyewa ita ce kasancewar abu kansa. An auna cewa akwai bariyon kusan 6 a kan kowane foton biliyan 10 a sararin samaniya, kuma ba a ga alamar taurarin da aka yi da kishiyar abu ba, domin da akwai su da an ga hasken gama daga iyakar da suke haɗuwa da namu. Da an fara da abu da kishiyarsa daidai wa daida, da sun cinye juna, abin da zai saura bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na wanda muke gani ba. A 1967 Andrei Sakharov ya kawo sharuɗɗa uku na samun rara: lambar bariyon ta karye, abu da kishiyarsa su bambanta a halayya, kuma abin ya faru lokacin da zafi bai daidaita ba, don kada sauyin ya koma baya da irin saurin da ya zo.

Daidaitaccen Tsari yana da ɗan kowanne, amma bai isa ba. Bambancin abu da kishiya an fara ganinsa a kayon a 1964 a gwajin James Cronin da Val Fitch a Brookhaven, kuma a 2025 LHCb ya gan shi karon farko a bariyon, a rushewar lamda mai kwak b, da bambancin kusan kashi 2.5 cikin 100. Duk da haka girmansa ya yi kaɗan ƙwarai. Sharaɗi na uku ma ya gaza, domin da nauyin ƙwayar Higgs na GeV 125 sauyin da ya faru a zafin kusan GeV 160 a hankali ya gudana, sai da nauyinta ya kasance ƙasa da kusan 75 zai zo da girgizar da ake buƙata.

Sifalaron kuma takobi ne mai kaifi biyu. Duk rarar da aka tara tun farko, idan B − L nata sifili ne, zai share ta tas. Idan ba sifili ba ne, zai raba ta tsakanin ɓangarorin biyu, bariyon ya samu 28/79 na B − L. A kan wannan Masataka Fukugita da Tsutomu Yanagida suka gina shawararsu ta 1986: rarar ta fara ne a lefton, daga rushewar wasu niyutirino masu tsananin nauyi, sannan sifalaron ya juya wani kaso ya zama bariyon. Wannan yana buƙatar niyutirino ya zama kishiyar kansa, abin da ake gwadawa ta neman cibiyar atam da za ta saki ilektiron biyu ba tare da niyutirino ba, lefton ya canza da 2. Gwajin GERDA da jamaniyam-76 da na KamLAND-Zen da zenon-136 duk sun kai iyakar da ta haura shekara 10²⁶ ba su gani ba, kuma ana gina na'urori masu tan guda zuwa sama domin a ƙara matsa iyakar.